Bargo a Kan Wardi

Tsohon direban nan na ƙarshen layinmu ya dasa wardi mai hawa bango a gindin tagar matarsa. Ciwon gwiwa ya kwantar da ita, duniyarta daga gado sai taga, shi ya sa ya yi mata alkawarin fure a gaban idonta. Mai sayar da shuke-shuke ya ce masa wannan irin ba ya gajiya, ya yi fure ya sake.

Wardin kuwa ya miƙe ƙyam, ya wuce tagar ko kallonta bai yi ba. Sai da ya kai kan katanga sannan ya buɗe, ya leƙa gidan tela. Telan har godiya ya zo yi, wai masu kawo ɗinki suna yabawa. Ita kuwa matar ƙaya kawai take gani.

Direba ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Na taɓa samunsa yana yi wa shukar magana a hankali, yadda ake lallashin tsohuwar mota da safe.

Rannan surukarsa, matar ɗansa, ta wanke bargo, igiya ta cika, sai ta shanya shi a kan wani reshe. Nauyin ya kwantar da reshen ya gitta taga. Direba ya yi faɗa har ya ƙi cin abinci. Ta ba shi haƙuri ta ɗauke bargonta, amma reshen ya maƙale a ƙarfen tagar, ya ƙi tashi.

Bayan 'yan makonni, reshen nan da ya kwanta ya yi toho daga gindi har kai, kowane toho da furensa. Na tsayen suna can suna yi wa tela hidima. Direba ya tsaya ya ƙare wa reshen kallo. Ya yayyaga tsohon zane, ya kwantar da sauran rassan ya ɗaɗɗaure su a ƙarfen.

Taga ta cika da ja. Ya tsaya bakin gado yana jiran yabo.

"Baban yara, yanzu ba na ganin mai shigowa gidan."

Ya ɗauko almakashi ya yanke furannin tsakiya, ya buɗe mata kafa faɗin faranti. Ba a jima ba wurin ya sake tohowa, har ya fi da. Ya yanke, ya sake cikewa.

Da ya ƙara zuwa da almakashin, ta riƙe masa hannun riga.

"Bar shi," in ji ta. "Mai zuwa ai zai yi sallama."