Marto Ya Ci Hannun Wanzami

Mu gidan wanzamai ne a Kona, tun kaka da kakanni. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu, askar gidanmu ke sauke mishi gashin ciki ran suna. Baba ya yi shekara arba'in yana yi, har yanar ido ta rufe mishi gani. Ya rataye zabirar aski a ƙusa, ya ce tana jiran Rufa'i, ƙanena, wanda shi kaɗai ne namiji a cikinmu.

Rufa'i kuwa yana Jado wajen haƙar zinariya. Shekara uku cur! Zinariyar dai ni ban ga ko ta ɗan kunne ba.

Aikinshi can riƙon injin fasa dutse ne, wanda suke ce ma marto. Ƙarfe ne mai nauyi, bakinshi na dukan dutse ba ƙaƙƙautawa, kafin ka ƙifta ido ya yi sara goma. In dutsen mai taushi ne, saran ya shige ciki. In ya tarar da mai tauri, sai bakin ya yi tsalle ya dawo, ya gamu da saran da ke tafe, su haɗu su hau hannunka. Waɗanda suka iya, sassauta riƙo suke yi, su bar shi ya yi rawarshi. Shi kuwa ɗan wanzami ne, tun yana ƙarami Baba ke ƙwala mishi tsawa in ƙarfe ya motsa a yatsunshi. Sai ya damƙe marto iya ƙarfinshi, safe da yamma, duk dukan da dutse ya ƙi karɓa ya wuce cikin ƙashinshi.

Wannan duka daga baya na sani. Da ya dawo, abin da na gani kawai mutum ne mai sakin kaya. Ya saki moɗa, ya saki kofin shayi. Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Kai Rufa'i, sakarci ka koyo a Jado? Ƙato da kai, ludayi ya fi ƙarfinka?" Ya yi dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ana haka na haihu, namiji. Maigidana Ibrahim ya ce a kira wanzamin Hawan Dawaki, wanda ke zo mana tunda Baba ya bari. Na ce a kan me? Ga kawun yaro da zabirar gado, a ɗauko bare? Rufa'i ya same ni a ɗaki, ya ce, "Yaya Hindatu, ki bari sai na gaba."

"Wane na gaba? Ka san Baba zai kai?"

Baba kuwa da ya ji, da kanshi ya lallaba ya sauko da zabirar, ya share mata ƙura da hannun rigarshi.

Ran suna da hantsi, bayan an raɗa suna, aka kawo Baba tsakar gidanmu aka zaunar a tabarma. Gwaggo Tanna ta rungume jaririn, ni ina bakin ƙofa. Rufa'i ya wasa aska, ya jiƙa gashin, ya ɗora yatsun hagu a kan yaron. Wanzami ba ya sa ma jariri aska sai ya lalubo maɗiga, wurin nan mai taushi da ke harbawa, don ya san inda zai sassauta. Ya laluba. Ya sake lalubawa. Na ga kan yatsunshi sun yi fari fat.

Ya ɗago ya dube ni, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ban jin ta."

"Me?"

"Maɗigar. Kan ma ban jin shi. Marto nake ji, yana ta bugu. Likita a Tasawa ya ce jijiyoyin ba za su dawo ba."

Ya naɗe askar ya aje. Ibrahim ya fita a hankali, ya shigo da wanzamin Hawan Dawaki, wanda dama yana cikin masu cin suna a ƙofar gida. Mutumin ya durƙusa ya fara aikinshi.

Bai yi ja uku ba Baba ya karkata kai.

"Wa ke aski?"

Ya ƙara kasa kunne ga jan askar.

"Wannan ba hannun gidana ba ne. Ina Rufa'i?"

Rufa'i ya matsa ya tsugunna gabanshi, ya sa hannuwanshi biyu cikin na Baba. Tsohon ya bi su yatsa-yatsa, yana matsawa, yana shafawa, ya daɗe. Ni dai kuka nake, ban ma ɓoye ba.

"Kana jin nawa hannun?" in ji Baba.

"A'a, Baba."

Baba ya riƙe hannuwan a cinyarshi har aka gama aske jikanshi.