Gashin Ƙafar Mai Aski

Tun ranar da gyambon ciki ya kwantar da mai aski har aka yi masa ƙarin jini, matarsa ta ɗaura ɗamarar tsare masa baki. A bakin gadon asibiti wata maƙwabciya ta raɗa mata cewa tsami da ɗanyen abu su ne maƙiyan mai olsa, ita kuwa ta riƙe maganar nan gam. Lemo ya bar gidan, tumatir ya bi shi, barkono ko ƙamshinsa. Ganye in ya shiga tukunya sai ta dafa, ta zubar da ruwan, ta sake dafawa. Abin da ya rage wa bawan Allah farar shinkafa, burodi, ƙwai da shayi. Shi ya laƙaba mata suna Sajan, sunan ya bi ta har bakin 'ya'yanta. Ko a jikinta, tunda cikin ya lafa.

Ana murna an rabu da targaɗe, sai ga karaya. Gwiwoyinsa suka kumbura, ƙwaurinsa ya cika da tabo masu duhu kamar an yi masa duka, in ya goge baki sai jini. Mutumin da ke wuni tsaye a bayan kujerar aski, yanzu kai ɗaya zai gama ya nemi benci. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce da alama garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙarsa, irin ciwon da ba a rabuwa da shi sai dai a yi ta lallaɓawa. Aka ba su ranar ganin babbar likita, shago kuma ya sha kwaɗo.

Ana jiran ranar ne ƙaninsa ya zo duba shi.

"Yaya, shago ba ya son kulle. Akwai mai son saye, har da kujerar da madubin."

Mai aski ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. "Bari mu ji ta bakin likitar nan. In ta ce ni da tsayuwa shi ke nan, ka zo ka karɓi makulli."

Sajan tana kicin, amma ta ji komai, kuma hankalinta ya tashi. Ta san mijinta. In aka raba shi da ƙarar injin aski da gardamar ƙwallo da masu jiran layi, zaman gida zai cinye shi tun kafin ciwon ya gama da shi. Abin da ta iya shi ta yi: ta ƙara tsanani a tukunya.

Likitar doguwa ce mai gilashi, ba ta da gaggawa. Ta duba dasashinsa, ta matsa gwiwoyin, sannan ta ɗauko madubin ƙara girma ta sunkuya a kan ƙwaurinsa.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Aski, ranki ya daɗe."

"Ashe da gwani nake tare. Karɓi ka duba min gashin nan, lafiyarsa ƙalau?"

Ya karɓa ya leƙa. Kowane gashi ya nannaɗe kamar wayar cikin biro, ga ɗigon jini a gindinsa.

"Ikon Allah! Wannan gashi ai yunwa yake ji. Na ƙare rayuwata ina kallon ƙeyar mutane, ban taɓa duba ƙafata ba."

Likita ta juyo. "Mama, me yake ci a gida?"

Nan fa aka zo fagen Sajan. Ta gyara zama ta zayyano komai, har da ruwan ganyen da take zubarwa, tana jiran a yaba mata.

"Yaushe rabonsa da lemo, ko gwaba, ko ɗanyen tumatir?"

"Ai an fi shekara biyu, likita. Ban taɓa sakaci ba."

"Wallahi ba ta taɓa ba," in ji mai aski. "Ko a mafarki na ɓare lemo sai ta tashe ni."

Likitar ba ta yi dariya ba sosai. Ta yi musu bayani a hankali cewa akwai sinadarin da ake kira bitamin C, jiki ba ya yinsa da kansa, daga 'ya'yan itace da ɗanyen kayan lambu yake samu, kuma yawan dafuwa na kashe shi. In ya ƙare sai ƙananan jijiyoyin jini su yi rauni, dasashi ya riƙa jini, gaɓoɓi su kumbura. Wannan ciwo kamarsa ɗaya da wanda aka faɗa musu a asibitin unguwa, har likitoci kan rikice. Ta ce za a ɗebi jini a gwada duka biyun don a tabbatar, amma ya fara shan ƙwayar bitamin ɗin tun yau. Olsa kuwa an riga an yi maganinta, ya ci lemonsa bayan abinci, in ya ji zafi su dawo.

Sajan ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma da hannunta. Suna fita baranda hawaye suka ƙwace mata.

"Ni na kwantar da kai, Baban yara."

"Ke, rufa min asiri, mutane za su ce mugun labari aka ba mu." Ya dafa kafaɗarta, rabi lallashi rabi neman abin dogarawa. "Wanda bai damu da kai ba ai ba ya hana ka komai. Muje, akwai mai lemo a bakin ƙofa."

A gida ta ɓare lemon ta riƙe, hannunta ya ƙi miƙawa. Tsoron da ya daɗe ba ya fita rana ɗaya. Sai da ya zare shi daga yatsunta da kansa, ta zauna ta zuba masa ido tana jiran ya riƙe ciki. Bai riƙe ba, sai ma ya nemi ƙari.

Cikin 'yan kwanaki jinin baki ya tsaya. Tabon ya fara kodewa, kumburin ya saɓe, sakamakon gwaji kuma ya fito yadda likita ta zata. Da ƙanin ya sake leƙowa, Sajan ta ba shi shayi da labari mai daɗi, ya tafi hannu rabbana yana ta hamdala.

Ranar da aka buɗe shago ta kasa zaman gida. Da azahar ta ɗauki kwanon abinci ta bi sawunsa. Tun daga nesa ta jiyo injin yana ƙugi da muryarsa a sama, yana rantsuwa cewa alƙalin wasan jiya makaho ne. Benci ya cika, gashi ya rufe ƙasa, shi kuma yana tsaye a bayan wani mai sanƙo yana gyara masa gemu.

Ta ja masa kujerar roba. "Tun safe kake tsaye. Zauna ka huta mana."

Bai ko ɗago daga gemun ba.

"Ke ki zauna, Sajan. Ni zaman da na yi ya ishe ni."