Dalar Aljihun Orval

Orval Tregonning ya yi ritaya daga tuƙin manyan motocin mahaƙar ma'adinai ta garin Butte, bai yi wata biyu a gida ba matarsa Darlene ta fara neman inda za ta kai shi. Mutum ne da ba ya iya zama shiru. Ya gyara famfon da lafiyarsa lau har ya fara yoyo, ya sake jera mata tukwane yadda ba ta gane kan kicin ɗinta. Ran nan ta ce, "Maigida, don Allah ka je wajen su Milo masu tara tsoffin kuɗi. Ko ba komai za ka sami waɗanda za ka dama ban da ni."

Ƙungiyar tana haɗuwa ran Asabar da rana a ɗakin ƙasan coci. Tsofaffi ne yawancinsu, ga kofi mai ɗan karen ɗaci, kowa ya sunkuya kan tebur da gilashin ƙara girma. Milo Vukasin, wanda suka yi makaranta tare da Orval, shi ne uban tafiya, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Ah, lale da direba! Zauna ka ji, sabon shiga. Kada ka wanke dala, ko da ta yi baƙi ƙirin. Masu goge ta da toka su ne suka fi kowa ɓarna a duniyar nan. Ka riƙe ta a gefe, ban da taɓa fuska. Kada ka yi magana a kanta, yawunka zai bar tabo."

Orval ya ce, "To kai da ba ka rufe baki, yaya naka suka tsira?"

Aka kwashe da dariya. Milo bai ko ji a jikinsa ba, ya ci gaba: ya zaɓi layi guda ya bi, kada ya ce sai ya tara komai. Ya sayi maganaɗisu, don azurfar gaske ba ta kamawa. Ya yi ciniki da wanda ya san ƙofar shagonsa. Sannan ya ce, "Kana da ko guda ta farawa?"

Orval ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Dalar babansa ce. Kakansa ya ajiye ta shekarar da aka haifi baban, baban ya yi rayuwarsa duka da ita a aljihu, da ya rasu ta dawo aljihun Orval. Ba ya ma sanin yana murza ta. A layin banki, a coci, a gaban likita, babban yatsansa na kanta. Ta yi sumul. Kan matar da ke jiki ya zama inuwa, gaggafar baya ko fiffike babu.

Orval ya ɗan ji kunya ganin na mutane suna ta ƙyalli cikin roba. Amma Milo ya karɓa a gefe, ya kai gilashi, ya ƙura mata ido.

"Mutumina, zo ka gani."

Orval ya leƙa. Can ƙasan wuyan matar ga lambobin shekara, 1921, da ƙyar ake karanta su. Ta ƙarshen saura kaɗan ta tafi.

Milo ya kawar da kai daga dalar kafin ya yi magana. "Akwai masu neman irin wannan ido rufe, wadda ta suɗe har ƙarshe amma shekara na nan. Ba cewa na yi ka sayar ba. Amma in ka ci gaba da murzarta, kafin hunturu biyu shekarar ta goge. Daga nan ƙarfe ne kawai, ba wanda zai san ta yaushe ce."

Orval ya sake kallon lambobin. Shekarar haihuwar babansa ce fa, kuma da hannunsa yake share ta bai sani ba. Nan take ya yarda Milo ya sa ta cikin 'yar roba mai murfi, ya danne ta ƙas.

Ya dawo gida da fara'a, ya ɗora ta kan kanta kusa da hoton baban. Ya ce wa Darlene yau ya zama mai tara dala, ga ta farko.

Wayyo, ashe aiki na gaba. Hannu ya saba, ba ya jin magana. Da safe ya sa wando ya ji ɓari guda ba nauyi. A coci ya murza maɓallin kwat ɗinsa har ya tsinke, ya gangara ƙarƙashin benci ana tsakiyar addu'a. A gida ya koma kaɗa makullai, cakar-cakar, har Darlene ta ce in bai bari ba za ta jefa su cikin dusar ƙanƙara. Kewar dalar yake ji, kewa ta gaske, irin wadda ya ji watannin farko bayan rasuwar tsohon.

Wata ranar Laraba ta shigo falo ta same shi tsaye gaban kanta, ya sa farce a bakin murfin robar.

"Orval."

"Dubawa kawai nake."

"Da farce ake dubawa?"

Ya ajiye, ya zauna jagwab. "Darlene, in na bar ta a nan, na rabu da ita. In na ɗauka, na kashe ta. Ni dai ban san abin yi ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta ce nama za ta sayo.

Da ta dawo, ta ajiye masa burodi mai nama da dankali da zafinsa, a gefen farantin kuma ga wata dala tsirara, ba roba ba takarda. Ya ɗauka a gefe yadda aka koya masa. Gashin matar ya fito sili-sili, gaggafa da fiffikenta, bakin dalar har yana kartar yatsa.

"Daga ina?"

"Daga wajen Milo. Ya ce irinta sun yi yawa a duniya, ba wanda zai yi kuka. Da na gaya masa abin da za a yi da ita sai da ya dafe ƙirji, amma ya bayar. Ba ta ajiya ba ce, ta aljihu ce."

Orval ya yi dariya har ya share ido. Ya ɗora babban yatsa a kan fuskar, ya murza sau ɗaya. Kaushi, ba daɗi ko kaɗan.

"Haba Darlene, na haye saba'in. Yaushe zan suɗe wannan? Ai ba zan gama ba."

Ta ja kujera ta zauna, ta gutsuri burodinsa ba ta tambaya ba.

"Babanka ma ai bai gama ba," in ji ta. "Ci abincinka kafin ya huce."

Ya jefa ta aljihu, ya ji wandon ya daidaita. Ya ci da hannu ɗaya.