Sallau Ya Daina Amo

Ba a faɗin sunan miji, na sani, amma na tsufa, kuma mai tsawata mini ba ya nan. Sallau ne sunansa. Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka tun kafin aure bakinmu a kan juna yake. In na ce masa mai kan ƙwarya, ya ce mini mai bakin kada. A gungunmu, tsibirin nan da ke tsakiyar Kwara ƙasa da Yelwa, in aka ji gidanmu shiru sai maƙwabta su aiko a tambaya ko lafiya.

Shekarar da aka tare ruwa a Kainji aka kwashe mu. Ruwa ya hau, ya cinye gonar albasarsa, ya cinye rumbuna, ya cinye kushewar iyayenmu. Aka zuba mu a gidajen siminti can tudu wajen Wara, ɗakuna iri ɗaya kamar wainar tanda guda. Ni na yi ta masifa har muryata ta dushe. Shi ko uffan.

Damina ɗaya bangonmu ya tsage. Aka turo wani ma'aikacin gini, Yohanna, Bakambare mai fara'a. Ya ɗauko ɗan gilashi siriri ya gindaya a kan tsagar, ya liƙe gefe da gefe da siminti.

Ya ce, "Inna, in bangon na ci gaba da buɗewa, gilashin zai karye. In bai karye ba, bango ya tsaya." Ya ce ko ƙarfen madatsar ma akwai abin da ake manna masa, ya faɗi nauyin da yake sha.

Na ce, "Na mutum fa, kuna da shi?"

Ya yi dariya, ya ce wannan sai asibiti. Asibitin kuwa mun riga mun je. Sun matse wa Sallau dantse da wani ƙyalle mai iska, suka ce jininsa ƙalau.

Ni awona daban ne. Innata ta koya mini sayen tukunya: ki ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi amo ras lafiyayya ce, in ta ce dum to akwai tsaga ko ido bai gani ba. Haka nake ƙwanƙwasa Sallau, da baki. Na ce masa rago. Na ce masa tsohon ɗan kokawa da yanzu ko zakara zai kayar da shi. Na zuba gishiri a miya har ni kaina na kasa ci. Ya cinye, ya wanke hannu, ya ce, "To."

Wallahi wannan "to" ɗin ta fi mini mari ciwo. Mijina na zaune a gabana, ina kewarsa.

Ran nan na ari jirgin ruwa, na ce ya tashi mu je gida. Bai tambaye ni wane gida ba. Na riƙe filafili, shi yana zaune a gaba da gorar tuƙi a cinya. Ruwa ya shimfiɗu ba iyaka, babu abin da ya rage na gungunmu sai kan wata giginya da ta leƙo sama. Na tuƙa har inda nake zato, na tsaya, na ce mun iso. Ya zura gorar har ƙarshe, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya dubi giginyar, ya dubi dutsen da ke hayin gabas.

Sai ya ce, "Ke Hansatu, nan ne gidanmu? A kan shingen maƙwabcinmu Dogo kika ajiye mu. Ko makaho ya san in giginya ta rufe dutse, sannan ake ƙofarmu. Mai bakin kada kawai, baki gare ki, ido babu."

Na ce, "Mai kan ƙwarya, karɓi filafilin mana."

Ya karɓa yana mita. Na juya masa baya don kada ya ga hawayena. Ya kai mu daidai, ya nuna mini inda rumbu yake, inda yake shanya albasa, inda na taɓa jifarsa da ludayi. Har muka koma gaɓa yana yi mini faɗa. Muna taka tudu ya yi shiru.

To, na gane maganin. In shirun ya ishe ni sai in ari jirgi, in tsaya da gangan a gonar wani, ko a mashayar shanun Modibbo. Ya balbale ni, in rama, in dawo da abin da zai riƙe ni kwana biyu. Ko ya san da gangan nake yi, oho, bai taɓa faɗi ba. Mun yi shekaru a haka.

Bayan wata damina mai iska muka fita kamar kullum. Na yi ta tuƙi ina duba, ban ga giginya ba. Ruwa ya ci gindinta, ta kwanta. Na daure. Na tsaya tsakiyar ruwa, na ɗaga murya na ce, "Mun iso, ga ƙofarmu."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa na kafe bayansa da ido, ina roƙon Allah ya zage ni.

Ya ajiye gorar a cikin jirgi, ya ce, "To."

Na ce masa rago, na ce masa makaho, na kira duk sunan da na sani. Muna nan zaune har rana ta karkata, ni kaɗai nake magana.