Murhun Gidan Kalevi

Arvo ya zo ne ya ɗauki yayarsa, Hilja. Kwana biyu yana tuƙi daga Eskilstuna ta ƙasar Suwidin, inda ya shekara tara yana aikin narka ƙarfe, zuwa ƙauyensu a gabashin Finlan. Hutun mako guda aka ba shi. In bai tafi da ita yanzu ba, ƙanƙara za ta toshe hanya, ta sake cin wani ɗarin ita kaɗai, da shekarunta sittin da huɗu.

Gida bakwai ne a ƙauyen. Shida an buga wa tagoginsu katako, masu su duk sun ƙetara zuwa Suwidin. Amma da ya shawo kwanar tafki sai ya ga hayaƙi na tashi daga uku cikin shidan.

Hilja ta tare shi a ƙofa. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Sannu, mai mota. Can ba sa ba ku abinci ne? Ka koma kamar sandar shinge."

Suna shan gahawa da baƙin burodi ya soma lallashinta. Ya ce can ruwan zafi daga famfo yake zuba, ba mai fasa ƙanƙarar rijiya da gatari. Ɗaki da ɗuminsa ko ba ka hura komai ba. Likita na ƙarshen layi. Albashin wata biyu ya fi abin da gonar babansu ta taɓa bayarwa a shekara. Hilja ta ce ta ji. Ta tambaye shi sunan mutumin da ke kwana a saman kansa a benen nasu. Bai sani ba. Tari ya sarƙe shi, ta jira ya gama, ta ƙara masa gahawa.

Ya tambayi hayaƙin da ya gani. Ta ce gidan katako in ba a hura masa wuta, danshi ne zai cinye shi. Duk wanda zai tafi sai ya bar mata mabuɗi. Tana zagayawa da itace, uku yau, uku gobe.

"Don wa, Yaya? Ba mai dawowa."

"Da safe ka ɗaukar mini kwando, Auta. Ka daina cika ni da surutu."

Gari na wayewa ya bi ta. Gida na farko sanyi kamar cikin rijiya, kalandar shekara takwas baya na rataye a bango. Ta hura murhu suka fito. Na biyu ma haka. Na uku gidan Kalevi ne. Ta sha fama da kwaɗon saboda tsatsa, a gabansa.

Ciki babu sanyi.

Hilja ta ajiye ashanar a aljihu. Arvo ya ɗora tafinsa a kan bulon murhun. Da ɗumi, irin na bayan saniya. Ya buɗe murfin. Ba garwashi, ba toka, an share tas.

Shi da Kalevi bakin tukunyar narka ƙarfe ɗaya suke tsayawa a masana'anta. Kwana goma da suka wuce ya je duba shi a asibiti a Eskilstuna: zanen gado fari fat, lemo a gefe, bututu a hanci. Kalevi ya ce kafin Kirsimeti zai fito.

"Tun ranar Talata yake ɗumi ba wuta," in ji Hilja. Ta ce haka aka yi a gidan tsoho Moilanen bara waccan, sai bayan mako biyu takardar rasuwarsa ta iso. Haka a gidan matar Kemppainen.

"Wanda ya mutu a can, gida yake dawowa. Ba sa damun kowa. Kwanaki kaɗan suke iya riƙe ɗumin da kansu, daga nan sai an taimaka musu." Ta gyara kujerar da ke gaban murhun, kamar wani zai wuce. "Ka ce can ya fi. Ban musa ba. Ni dai ban san abin da ke hana su zama can ba."

Akwai tarho a kantin ƙauyen gaba, tafiyar minti ashirin a mota. Zai iya kiran asibitin. Bai je ba.

Bai sake ambatar famfo ko likita ba. Kwana ukun da suka rage, faskare ya yi ta yi daga safe zuwa yamma, yana jera itacen a rumfa har ya kai rufi. Hilja na kawo masa dankali da kifi mai gishiri, ta tsaya tana kallo.

Ranar da zai juya ta zo ta duba jerin. Ta ce ya ƙara layi ɗaya. Ya ce wannan ya ishi gida bakwai har ya yi saura.

"Ɗakinka na baya yana da cin itace," ta ce. "Kuma na ji tarin nan naka."

Arvo ya tsaya da mabuɗin mota a hannu. Can ya sa shi a aljihu, ya tuɓe kwat, ya ɗauki gatarin.