Sunan da Jabir Ya Raɗa wa Alhaji Jinjiri

Jabir ma'aikaci ne a sakatariyar Batsari, kuma ya daɗe yana fama da digiri na uku a fannin dabarun kasuwanci, har abokan ofis suka fara kiransa Dakta, rabi girmamawa rabi tsiya. Bincikensa a kan 'yan kasuwar hatsi ne, yadda suke ci gaba da saye da sayarwa bayan hanyoyi sun koma hannun 'yan bindiga. A jami'a kowa ya yaba da batun. A kasuwa kuwa, da zarar ya tambayi mutum ta ina yake bi da kayansa, sai mutumin ya tuna bai yi sallah ba.

Mutum ɗaya ne ya sakar masa jiki, Alhaji Jinjiri na Runka ta ƙasar Safana, aminin marigayi mahaifinsa. Dattijon ya zaunar da shi a rumfarsa, ya faɗa masa komai: yadda suke sauya ranar lodi, yadda suke raba kaya a motoci, yadda direba ba ya sanin hanyar da zai bi sai ya tada mota. Jabir ya ji kamar ya yi rawa.

Yana fitowa sai ga kiran malamar da ke duba aikinsa, Farfesa Adawiyya. Sabis a Runka sai an yi masa biko, don haka ya hau tudun bakin tasha, inda kowa ke tsayawa yin waya, ya toshe kunne ɗaya yana ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, na samu infomant! Babba ma kuwa, Alhaji Jinjiri. Duk hanyoyin da suke bi ya faɗa mani, har da ranakun lodi!"

A Turancin makaranta, duk wanda ya ba mai bincike bayani sunansa infomant. A Runka kuwa infoma shi ne wanda ke cin tuwo da kai, ya kuma kira 'yan daji ya ce ga ka nan tafe. Jabir haifaffen yankin ne, ya san wannan sarai, boko ne kawai ya riga hankalinsa fita. Ya ga masu jiran sabis sun yi tsit, ya ɗauka ladabi ne.

Ba a jima ba aka tare wata motar gero a hanya, aka kashe direban, aka tafi da mutane. Kafin a dawo daga maƙabarta, maganar kan tudu ta zaga gari.

Labari ya iske Jabir a Batsari. Ya hau babur ya nufi wurin Abdulmumini, shugaban 'yan sa-kai na Runka, wanda direban da aka kashe ƙaninsa ne. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Jabir ya ce kuskuren fahimta ne, kalmar makaranta ce.

"To, Malam, mu ba mu yi boko ba," in ji Abdulmumini. "Shi wanga infomant, mi yake yi?"

"Bayani yake bayarwa."

"Bayanin mi?"

"Na yadda ake kasuwanci."

"Har da hanyoyi?"

Jabir ya ce, "Har da su."

"Kai kuma ka kai ma wa?"

Nan dabara ta zo masa, irin wadda gara ba ta zo ba. Ya kira Farfesa, ya buɗe murya kowa ya ji, ya roƙe ta ta bayyana matsayin Alhaji Jinjiri. Baiwar Allah tana ofis, ba ta san inda ake ba, ta amsa da fara'a: "Ai babban infomant ɗinmu ne. Ka riƙe shi da kyau, irinsu wuyar samu gare su."

Babu wanda ya ƙara tambaya. Shi Jabir katin aiki da sunan gidansu suka cece shi, aka ce ya koma Batsari kada a sake ganin ƙafarsa. Alhaji Jinjiri kuwa a cikinsu yake kwana yake tashi. Furfurarsa ta sa ba a taɓa shi ba, amma aka daina amsa sallamarsa, a masallaci aka riƙa barin gurbi a gefensa. Daga ƙarshe dattawa suka ba shi shawarar ya bar gari tun ana iya tare matasa.

Ranar tafiyar, Jabir ya karya dokar ya zo. Ya tarar dattijon ya shiga motar Katsina, fasinjoji kuma suna sauka ɗaya bayan ɗaya don kada su yi tafiya da shi, har direban ya zo yana ba shi haƙuri ya sauka. Jabir ya ɗora dattijon a bayan babur. Da suka yi nisa, Jabir ya ce:

"Baba, ka yafe mani. Ni na ja maka."

"Kai ka ja, ɗana," dattijon ya ce, ba tare da faɗa ba. "Karatun fa, ya kusa?"

"Da saura, Baba. Sai na ji ta bakin wasu 'yan kasuwar."

"To ka daure ka ƙare shi. Kar ya zama a banza na bar kushewar iyayena."

Jabir ya ce to. Ya kuwa sani, daga Safana har Batsari, yanzu ko farashin kwanon gero ya tambaya babu mai faɗa masa.