Rumfar Gindin Rumbu

A duk unguwarsu a Kaikai, wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai: gindin rumbun Inna Hadijatu, daidai turken awaki. Nan ɗanta Abdullatif ke tsayuwa kullum da waya a hannu, yana saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashen waje a intanet, awaki na cin gefen rigarsa. Sana'a ce ta yini guda. Abin da ka saya da hantsi, kafin la'asar ka rabu da shi, kuma ƙiftawar ido na iya mai da riba asara. Wayar kuwa ta tsufa, da ta yi zafi sai ta sandare ana tsakiyar ciniki.

Da ya sayar da masararsa, sai ya hau mota zuwa Kankia, shagon abokinsa Nasiruddeen mai sayar da kwamfutoci a bakin titi. Nasiruddeen irin mutanen nan ne da za su sayar wa mai sanƙo mataji. Ya kunna masa wata babbar kwamfutar tebur mai allo biyu.

"Dubi nan, abokina. Allo ɗaya ka kalli tashi da saukar farashi, ɗaya ka yi ciniki. Ba ta nauyi, ba ta sandarewa. Duk wanda ya ɗauki harkar nan da gaske, ita yake saye."

Abdullatif ya taɓa ta, ya ji ta shiga ransa. "To, wuta fa? Ka san garinmu."

"Ai wannan ba ta zaman ƙauye. Akwai ɗaki bayan shagon nan, ga sola, ga sabis. Ka dawo Kankia kawai." Sannan ya nuna wata kwamfutar cinya da haɓa. "Waccan ma tana da sauri, batirinta na kai yini. Amma allo ɗaya ne, za ka riƙa ganin rabin kasuwa."

Nan gizo ke saƙar. Tun rasuwar mahaifinsa, shi kaɗai ya rage a gidan da Inna, ƙannensa mata duk suna ɗakunan mazajensu. Kuma shi ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayarsa ko ya ƙoshi ba. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa jar akuyarta, shi kuma ya tsinta. Ya san alkunya ce irin ta iyaye, amma wani lokacin abin yakan yi masa ciwo, har ya ce a ransa ko tafiyarsa ma ba za ta dame ta ba.

Da yamma ya durƙusa ya zayyana mata komai, har da ɗakin Kankia. Ta ci gaba da tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Allah shi zaɓa abin da ya hi alheri," ta ce. Can kuma ta dubi akuyar. "Ke kam ba ki da inda za ki tahi."

Bai san yadda zai fassara wannan ba. Washegari ya wuce gona ya yini yana tattara kara, zuciyarsa ta riga ta karkata ga mai allo biyu.

Da ya dawo, sai ya tarar babu awaki a gindin rumbu. An mai da turkensu can bayan madafa, wurin da Inna ta sha cewa rana ta yi masa yawa. An share wurin tas, an yayyafa ruwa, an kafa rumfa da sabuwar zana. Ga tabarma, ga turmi an kifa shi daidai tsayin da mutum zai ɗora abu yana zaune. Ya ciro waya, sabis ya cika.

"Inna, wa ya yi wannan aikin?"

Ba shi ta amsa wa ba. "Awakin ga sun ɓata man gindin rumbu," ta ce wa jar akuya, tana ɓoye tafin hannunta da igiya ta goge.

Ranar da ya koma Kankia, bai ko kalli babbar ba, don kada ransa ya sake biyawa. Ya sa aka cire wa kwamfutar cinyar caja, ya zauna yana aiki da ita har azahar don ya ga ƙarfin batirin, sannan ya saye ta, ya haɗa da ƙaramin faifan sola.

"Ka rage wa kanka ido ɗaya," in ji Nasiruddeen.

"Na sani."

Da hantsin washegari yana cikin rumfa, kwamfuta a kan turmi, sai ga Inna da ƙwaryar fura. Ta ajiye ba tare da ta dube shi ba, ta nufi bayan madafa. Ya ji ta tana kwance igiyar jar akuya da take ɗaure daram, tana sake ɗaurawa.

"Zauna mana," take ce wa akuyar. "Ai nan ne gida."